Ba Ta Mutu Ba, Sai Mun Haɗu A Littafi Na Uku

Mu mutanen Kunci, in kana son ka ga bakinmu ya zo ɗaya, tambaye mu labarin littattafan da yaranmu suke karantawa. Daga Shuwaki zuwa Gwarmai, daga Bumai zuwa Matan Fada, amsar ba ta canzawa: ƙarya ce tsagwaronta, ɓata lokaci ne, kuma su ne suke sa 'yammata makara sallar asuba. Wannan da rana ke nan, a gindin darbejiya, da babbar murya. Da dare kuwa, in an ci tuwo an wanke hannu, yarinya ta kunna 'yar wayarta ta ɗora a kan turmi, mai karatu ya fara zuba labari, sai ka ga maigidan da ya yi wa'azin rana ya jawo tabarmarsa jikin danga, wai shan iska yake yi. Caji ya ƙare ana tsakiyar labari, shi ne zai fara faɗa: wa aka aika ya kai wayar nan wurin mai caji bai kai ba?

Irin labarin da ya fi tafiya da hankalin yaran a 'yan shekarun nan kusan hanyarsa ɗaya. Saurayi da budurwa suna matuƙar son juna, an sa rana, an kai lefe, saura mako guda ɗaurin aure sai ta kwanta ciwon dare ɗaya ta cika. An yi mata wanka, an yi mata sutura, an sallace ta, an kai ta makwancinta. Saurayi ya zama abin tausayi, ba ci ba sha. Bayan shekara biyu wata hidima ta kai shi Kano ko Abuja, yana tsaye a bakin titi sai ga ta a bayan wata mota, har da ɗan tabon nan na gefen girarta. A nan littafi na ɗaya yake ƙarewa. To wa ya gani? Wa aka binne? In kashe ta aka yi, aikin wane ne? Kishiyar uwa ce, ko ƙanin uban da yake hangen gado, ko kuwa wani aljani ne da yake bin ta tun ranar da ta watsa ruwan zafi a bakin rariya da magariba ba ta yi bisimilla ba? Soyayya ta samu, bincike ya samu, ga kuma fargabar abin da ke bayan mutuwa. Wanda ya ji na ɗaya ba ya barci sai ya ji na biyu.

Da can a takarda labaran suke zuwa mana, 'yan sirara, na ɗaya da na biyu da na uku. Mai littattafai ya saro daga Kano ya baje ranar kasuwa, Ahalari da Ishiriniya a dama, na soyayya a hagu, mai saye ya riƙe na dama a hannu ya cusa na hagu a aljihu. Littafi guda sai ya zaga gida goma, bango ya cire a ɗinke da zare, shafin ƙarshe ya ɓata a nemo wadda ta karanta ta faɗi yadda aka ƙare. Rediyo ma ta taya. Wanda ya saurari shirin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko ya san yadda tsakar gida take yin tsit in an fara. Yanzu kuma sai waya. Ka je wurin mai caji, ka miƙa memori, ya tura maka littafi da murya. Ta haka wadda ba ta taɓa shiga aji ba ita ma ta samu rabonta, tana surfe tana saurare, tana ɓarar gyaɗa tana saurare, tana ɗinkin hula tana saurare. Masu babbar waya kuma suna bin marubutan a WhatsApp, inda ake sakin labari shafi-shafi. A ba ka ɗanɗano kyauta, daidai inda mamaciya ta ɗago kai ta kalli saurayi sai a ce daga nan sai wanda ya biya.

To mu da muke cewa ba ma saurare, akwai abin da muka lura da shi. A labaran nan da suke ratsa tsakar gidajenmu, wadda aka gani a motar nan ba ta taɓa zama mamaciyar gaske. Marubuci zai kai ka har bakin kabari, ya sa tsigar jikinka ta tashi, sannan a littafi na uku ya zame. Mafitarsa kuwa ba ta wuce huɗu, har yaran sun haddace su, suna gardama a kai tun ana na ɗaya.

Ta farko, aljana ce. Ta daɗe tana son saurayin, da ta ga budurwar ta kau sai ta ari kamanninta. Ana gane ta in an lura ba ta son jin karatun Alƙur'ani, ko wani yaro ya hango kofato a ƙarƙashin zanenta. Ta biyu, tagwaye ne: Hassana aka binne, Usaina ce a mota, an raba su tun ranar haihuwa, kuma akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ta san sirrin, ba za ta faɗa ba sai tana gargara. Ta uku, ba ta mutu ba sam. Matsafa ne suka ɗauke ta suka bar kututturen icce a kan gado, aka rufe idon jama'a suka yi wa icce sallah. Ta huɗu mafarki, kuma nan ne kaɗai ake barin mamacin gaske ya buɗe baki. Ya zo da fararen kaya, ya faɗi inda takardar gona take, ko ya ce akwai bashin da ba a biya masa ba, ko ya nuna wanda ya ba shi guba da yatsa. Kafin a tambaye shi yaya can ɗin take, ladan ya kira assalatu.

Akwai wani yaronmu da yake karatu a kwalejin ilimi ta Bichi, in ya zo hutu ba ya rasa abin da zai tayar mana da shi a teburin mai shayi. Shi ne ya ce wa wani dattijo a cikinmu, "Baba, ai marubutanmu tsoro ne da su. A wajen Turawa mamacin ne da kansa yake ba da labari." Ya kawo misalin wata Ba'amurkiya, Alice Sebold, da ta fitar da The Lovely Bones a 2002: yarinya 'yar shekara 14 aka kashe, tana can tana hango iyayenta suna kuka, tana hango yaron da take so, tana hango maƙwabcin da ya kashe ta yana harkokinsa ba a gane shi ba. Ya ƙara da Elsewhere na Gabrielle Zevin, na 2005, inda mota ta buge 'yar shekara 15, ta farka a cikin jirgin ruwa, aka sauke ta a wata ƙasa da matattu suke zaune da gidajensu da sana'o'insu, shekarunsu suna komawa baya har su zama jarirai a maido su duniya. A can ma ta yi saurayi. Ya ce ba sai an je Amurka ba, ga Amos Tutuola Bayarabe, tun 1952 ya tura mashayin bammi garin matattu neman mai tatso masa bammi da ya faɗo daga kan bishiya ya mutu.

Dattijon ya bar shi har ya kai aya, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yaro, na ji. To tambayar kabari fa, a wane shafi take?" Aka kwashe da dariya. Yaron ya ce, "Baba, ai ƙagaggen labari ne." Dattijo ya ce, "Ka ƙaga wa aljani, shi ma yana ƙaga mana. Wadda ta riga mu gidan gaskiya kuwa addu'a take jira, ba mai zuwa zance ba."

Kada kuma wani ya ɗauka abin al'ajabi ne ba mu iya ba. A cikinsa muka tashi. Tun muna kan cinyar kakanninmu muke shiga gidan Dodo mu fito, muna raka 'yar bora neman ruwan Bagaja. Masu bori kuma sun ce iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarki da fadawa da gidajen sarauta. Da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya a 1933, irin kayan da malaman suka kawo masa ke nan. Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman ruwan Bagaja har ƙasar aljanu. Yayansa Bello Kagara ya ɗauki Ganɗoki daga yaƙi da Turawa ya jefa shi cikin sha'anin aljanu. A 1951 Ahmadu Ingawa, mai sunan garin maƙwabtanmu ta wajen Katsina, ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi da dokinsa Ƙwalele. A 1969 Umaru Dembo ya hau da yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Hafsatu Abdulwahid, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen littafi da Hausa, ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, kuma bayan dangi sun gama nasu rikicin, aljana ce ta shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir. Duba su duka. An ratsa teku, an hau sama, an kwana a fadar aljanu, amma babu wanda ya taka barzahu ya dawo ya ba mu labarin unguwannin can.

Da kasuwar littattafan Kano ta buɗe, daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, a kan wannan turba aka ci gaba. Iyayenmu mata har yau suna tuna inda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad. An yi kuka a gidaje, amma da ranta aka ciro ta. Samari suka samu nasu a wurin Abdul'aziz Sani Madakin Gini mai littattafan yaƙi, inda sadaukai suke hawa bayan aljanu, bokaye suna duba madubin tsafi. Nazir Adam Salih ya kawo na sarƙaƙiya, Maje El-Hajeej Hotoro ya kawo na ban tsoro, irin wanda in ka karanta da dare sai ka nemi rakiya zuwa bayan gida. Hukuma ba ta bar su sun sake ba. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 kuma, zamanin shirin A Daidaita Sahu, a gaban gwamna Ibrahim Shekarau aka ƙona littattafan da aka karɓe a hannun ɗalibai mata. Amma batsa da lalata tarbiyya ake farauta a lokacin. Maganar lahira ba ta buƙaci hukuma ba. Marubuciyar da ta kai budurwa barzahu ta shirya mata zance a can, kafin takardar sammaci ta iso, gwaggonta ta riga ta iso da mayafi a kafaɗa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mu da muke noma gona a jikin gona, ba abin da ya raba sai layin gamba, mun san hukuncin wanda ya ci iyaka. Lahira a wurinmu gona ce mai masu ita, an auna ta an kafa mata shaida, ba saura ba ce da kowa zai shiga da gatarinsa. Masu kula da ita kuwa malamai ne da masu waƙen wa'azi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi a kan tsayuwar alƙiyama, ɗalibanta mata 'yan taru suna kai wa matan ƙauyuka suna haddacewa. Aliyu Namangi na Zariya ya yi Imfiraji, makafi da almajirai suka shiga da ita zaure-zaure, har wanda bai san baƙi ba ya san kwanciyar kabari da abin da ke biye da ita. Kowane azumi mai tafsiri yana sake bi da mu ta wurin: busa ƙaho, taron hisabi, mizani, siraɗi, sannan gida biyu. Wanda aka raina da wannan, in ka ce masa matattu suna can suna cin kasuwa suna zuwa zance, daɗin labarin ba zai shige shi ba, zai ji an taɓa masa imani ne.

Aljani fa? Shi a duniyar nan yake tare da mu, yana ci yana sha, yana aure yana haihuwa, akwai musulmi akwai kafiri. Wani malaminmu na zaure, in aka matsa masa, yakan jawo Akamul Marjan na Shibli ya nuna cewa tun ƙarni na 14 malamai suke tattauna ko aure yana yiwuwa tsakanin mutum da aljan. Ya kuma jawo Kitabur Ruhi na Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, inda aka yi magana a kan haɗuwar ran mai barci da ran mamaci. Ka ga ashe marubutan namu, ko sun sani ko ba su sani ba, ta inda malamai suka bari a buɗe suke bi, wato aljani da mafarki. Tagwayen kuwa daga finafinan Indiya aka aro su, kututturen icce daga bakin kakanni.

Sai dai fa mu ma ba kanwar lasa ba ne. Abin da muka hana littafi, mu muna yin sa da baki, har da rantsuwa. Wa a cikinmu bai taɓa jin labarin ɗan ciranin da ya je Legas ko Fatakwal ya tarar da mutumin garinsu, wanda da shi aka zuba masa ƙasa, zaune a rumfa yana sayar da goro, da mata da 'ya'ya, suna haɗa ido ya shige bayan rumfa ba a sake ganinsa ba? Ba a taɓa samun wanda ya gani da idonsa, kullum ƙanin abokin wani ne, amma mai ba da labarin zai dafa ƙirji ya ce wallahi. Tsohuwar da ta ce littafin jikarta ƙarya ne, ita ce ta laƙaba wa jariri Ajuji ko Ayashe ko Ajefas don uwarsa tana wabi, wai a nuna masa ba a damu da shi ba ko ya haƙura ya zauna, ya daina tafiya yana dawowa. Ɗan acaɓan da ya ce shi ba ya tsoron fatalwa, a ba shi fasinja ta hanyar maƙabarta bayan isha'i, nan take mansa zai ƙare. Tsamiyar bayan gari har yau ba mai sa mata gatari. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 kuma suna tuna kaset ɗin Sumbuƙa, lokacin da aka ce aljanu sun addabi 'yammatan makarantu a Kano, gida-gida ana sauraron aljana tana amsa tambayoyin masu ruƙiyya.

Ga kuma gidan kallo. A Karan Arjun na 1995 an kashe wa da ƙane, aka sake haifarsu a wasu gidaje, suka girma suka dawo wa uwarsu suka ɗauki fansa. A Om Shanti Om na 2007 saurayi ya mutu a kan budurwa, ya sake zuwa duniya ya tona asirin wanda ya ƙona ta. Mun kalla, mun maimaita, ana tafi ana ihu. In wani ya yi gyaran murya sai a ce masa, "Malam, ai su addininsu ne." Mataccen Indiya ya dawo sau bakwai ba ruwanmu, namu ne dai ba mu yarda ya motsa ba. Yaron nan na Bichi ya ce ko a cikin 'yan Arewa an samu wanda ya gwada. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya fitar da When We Were Fireflies a 2023, labarin wani mai zane a Abuja da ya fara tuna cewa ya taɓa zuwa duniya har sau biyu, kuma duk zuwan kashe shi aka yi a kan mace, ya tashi neman waɗanda suka kashe shi da matan da ya so. Aka tambaye shi da wane harshe aka rubuta. Ya ce da Turanci. Mai shayi ya ce, "Shi ya sa yake barci lafiya."

To me ya sa yaran, musamman mata, suka nace wa labarin wadda aka binne aka sake gani? A nan mutuwa ba baƙuwa ba ce ga yarinya 'yar shekara 16. Ƙawarta da aka kai ɗaki bara ta tafi wurin haihuwa bana. Ƙanenta ya tafi da zazzaɓin damina cikin kwana biyu. Yayanta ya hau motar cirani bayan kaka, sai labari ne ya dawo. Kuma mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga rufe shi. Wanda ya tafi noman rani a bakin dam ɗin Gari sai ya dawo ya tarar ana zaman makoki. Mata kuwa ba sa bin gawa. Da an fita da makara daga ƙofar gida, shi ke nan ganinsu da ita, da yawansu ba su san ko ta wane gefen maƙabarta aka sa uwarsu ba. Ana ce wa yarinya ta yi haƙuri, kuka da ƙarfi ba kyau, kuma gaskiya aka faɗa mata. Amma wadda ba ta ga an rufe ba, zuciyarta ba ta saurin gama yarda. Littafin da ya ce wa aka binne, tambayarta ya yi mata. Ya bar ta ta ɗan sa rai, sannan ya maido ta kan abin da aka koya mata a islamiyya, bai sa ta saɓo ba.

Inda muke da ƙorafi na gaske shi ne ha'incin wasu marubutan. Ka biya kuɗinka, ka hana idonka barci, kana ta lissafin wa ya zuba maganin, wa ya ɗauke gawar, a ƙarshe a ce maka wai tun shafin farko mafarki yarinyar take yi. Ko a fito da Usainar da ko sau ɗaya ba a ambaci an haifi biyu ba. Wannan wasa da hankali ne. Gwani tun a na ɗaya yake ajiye alama: ungozomar da ta bar gari ba sallama, mai wankan gawar da ta ce jikin da sauran ɗumi aka ce ta yi shiru, ɗan kunne guda da aka tsinta a bakin rijiya. In an zo ƙarshe sai ka dafe kai ka ce ai kuwa an faɗa. 'Yammatanmu sun ƙware a wannan fiye da yadda muke zato. Ka ji su a bakin famfo suna warware makirci, wannan ta ce kishiyar uwar ce, waccan ta ce a'a, so ake a zargi kishiyar uwa, ku dai sa ido a kan direban gidan. Ɗaya ƙorafin kuma, kullum abin a Abuja ko Dubai yake faruwa, a gidan bene mai maigadi. Aljanar littafi ba ta bin saurayi sai mai mota. Mu masu amalanke ko aljana ba ta kula mu.

In kuwa soyayyar da ta tsallake kabari ake nema, muna da ita, sai dai ba a littafi muke ajiye ta ba. Tana cikin shirin fatawa na rediyo da ajin matan aure. Tambayar da ba ta tsufa ita ce: matar da ta auri maza biyu ko uku, kowanne mutuwa ce ta raba su, in Allah ya sa duk an dace, da wa za ta zauna a Aljanna? Malamai suna kawo zance uku. Wasu sun ce na ƙarshe, wasu sun ce wanda ya fi kyautata mata, wasu sun ce za a ba ta zaɓi. Ana gama wannan sai wata ta ɗaga hannu ta tambayi maganar hurul'ini. Malam ya ce ai a can an cire kishi daga zukata, sai aji ya ɗauki guna-guni, wata daga baya ta ce, "Allah ya sa, Malam." Zafin wannan muhawara ya fi na kowane littafi, don a nan kowa ya yarda wurin gaskiya ne, kuma kowa yana da nasa da ya riga shi can.

Akwai wata gwaggo a unguwarmu da ta yi takaba sau biyu, tana gidan na uku. Ranar da aka karanta musu zantukan nan ta dawo tana ce wa maƙwabciyarta ita dai na zaɓin nan ya fi kwanta mata a rai. Maigidan yana zaure ya jiyo. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, ai malamai da yawa na ƙarshen suka rinjayar." Ta ce, "Malam, wa ya ce maka kai ne na ƙarshen?" Tun daga ranar, in ya je kasuwar Shuwaki ba ya dawowa ba ƙunshin tsire.